WILLIAM THOMAS STEAD (1849–1912): EDITAN DA YA SHA ƊAURI SABODA 'YAN MATAN LANDAN

A cikin mutane wajen 1,500 da suka mutu lokacin da jirgin ruwan nan Titanic ya nitse a shekarar 1912, akwai wani dattijo ɗan Ingila mai farin gemu, wanda a zamaninsa babu ɗan jaridar da ya kai shi suna a Birtaniya. Sunansa William Thomas Stead. Mun zaɓi mu kawo tarihinsa a wannan shafi domin ɗalibanmu, musamman masu sha'awar rubutu da aikin jarida. Mutum ne da ya sa aka gyara dokar ƙasarsa don a kare yara mata, amma hanyar da ya bi ta cuci wata yarinya guda, ta kuma kai shi kurkuku. Yana da kyau mu san abin da ya yi daidai da inda ya kauce, gama duka biyun suna da abin da za su koya mana.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Stead ranar 5 ga Yuli, 1849, a wani ƙauye mai suna Embleton a arewacin Ingila. Mahaifinsa fasto ne na ikkilisiyar Congregational, kuma ba mai wadata ba ne. Yana jariri iyayensa suka koma Howdon, wani ƙaramin gari a bakin kogin Tyne, kusa da birnin Newcastle. A gida mahaifinsa ya fara koya masa karatu, har da harshen Latin, ya kuma saba masa da karatun Littafi Mai Tsarki da yin muhawara a kan abin da ya karanta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan tarbiyya ta gida ita ta bi shi har ƙarshen ransa.

Daga baya aka kai shi makarantar kwana ta Silcoates, kusa da Wakefield, wadda aka kafa domin 'ya'yan fastoci. A can ne, lokacin wata farkawa ta ruhaniya da ta auku tsakanin ɗalibai, ya ba da kansa ga Almasihu. Shekara 2 kacal ya yi a wannan makaranta. Bai je jami'a ba. Aka sa shi koyon aikin akawu a ofishin wani ɗan kasuwa a bakin tashar jiragen ruwa ta Newcastle. Da rana yana kan littattafan lissafi, da dare kuma yana karatun kansa. Ya ƙaunaci tarihin Oliver Cromwell ƙwarai, har ya ci wata gasar rubutu ta mujallar samari da ya yi a kansa.

Daga teburin akawu zuwa kujerar edita

A 1870 aka kafa wata sabuwar jarida a garin Darlington mai suna Northern Echo, ana sayar da ita sisin kwabo domin ma'aikata da talakawa su iya saye. Stead ya riƙa aika mata da rubuce-rubuce ba tare da ana biyansa ba. Rubutun nasa ya burge mai jaridar, har a 1871 aka kira shi aka ba shi kujerar edita. A lokacin shekarunsa 22, bai taɓa aiki a ofishin jarida ba, kuma babu editan da ya kai shi ƙarancin shekaru a ƙasar. A 1873 ya auri Emma Lucy Wilson, wadda suka san juna tun suna yara. Allah ya ba su 'ya'ya 6.

Tun daga farko Stead ya ɗauki kujerar edita kamar bagadin wa'azi. A ganinsa aikin jarida kira ne, kuma manufarsa ita ce yaƙi da mugunta a duk inda ta ɓuya. Damarsa ta farko ta zo a 1876, sa'ad da labari ya iso Ingila cewa mayaƙan daular Turkawa sun kashe dubban mutane a ƙasar Bulgeriya wajen murƙushe wani tawaye. Gwamnatin Birtaniya ta lokacin tana abota da Turkawa, don haka ta so ta yi shiru. Stead bai yi shiru ba. Kullum sai ya rubuta a kan maganar, ya kuma zuga jama'a su yi tarurruka a garuruwan arewacin Ingila. Wannan ya jawo masa hankalin William Gladstone, babban ɗan siyasar jam'iyyar Liberal, wanda ya yaba masa a fili. Ƙaramar jaridar lardi ta zama abin karantawa har a Landan.

Sabon salon jarida a Landan

A 1880 aka gayyace shi Landan ya zama mataimakin John Morley, editan jaridar maraice mai suna Pall Mall Gazette. Da Morley ya shiga Majalisa a 1883, sai Stead ya gaje shi.

Domin mu gane abin da ya canza, sai mu tuna yadda jaridun Ingila suke a lokacin. Shafi ne cike da ƙananan baƙaƙe, dogayen jawaban 'yan majalisa jere da juna, babu hoto, babu kanun labari mai jan ido, ba a kuma sa sunan marubuci. Manyan mutane ake rubuta wa, su ne kuma suke karantawa. Stead ya shigo da manyan kanun labarai, ya raba dogon labari kashi-kashi da ƙananan kanu, ya sa zane-zane da taswira. Ya yaɗa al'adar yin hira da mutum a buga tambaya da amsa, abin da Amurkawa suka riga suka saba da shi amma Ingilishi suke ganin rashin ɗa'a ne. Ya ɗauki mata aiki, yana kuma biyansu daidai da maza. Yawancin abubuwan da muke gani a jaridu yanzu kamar dama haka suke, sai da wani ya fara su, ya sha suka a kansu. Marubucin nan Matthew Arnold ya laƙaba wa salon suna sabon aikin jarida a 1887, kuma ba yabo yake nufi ba.

Ɗaya daga cikin matan da Stead ya buɗe wa ƙofa ta shafe mu kai tsaye. Ita ce Flora Shaw. Jaridar Stead ce ta buga labarin hirar da ta yi a Jibralta da Zubairu Pasha, wani babban mutumin Sudan da Turawan Ingila suka tsare a can. Daga baya ta koma jaridar The Times, inda a ranar 8 ga Janairu, 1897, ta ba da shawarar a kira ƙasashen da ke yankin kogin Kwara da sunan Nijeriya. A 1902 ta auri Frederick Lugard.

Stead ya yi amfani da sabon salon nan wajen matsa wa gwamnati. A 1883 ya tallata wani ɗan littafi da fasto Andrew Mearns ya fitar a kan ƙazaman unguwannin Landan, inda iyali guda suke cunkushe a ɗaki ɗaya. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa gwamnati ta kafa hukumar binciken gidajen talakawa a 1884. A wannan shekara kuma ya buga jerin labarai a kan raunin rundunar jiragen ruwan yaƙi ta Birtaniya, har gwamnati ta ƙara mata miliyoyin fam.

Akwai kuma wanda ya ƙare da baƙin ciki. A watan Janairu 1884 Stead ya tafi Southampton ya yi hira da Janar Charles Gordon a kan halin da ake ciki a Sudan, inda mayaƙan Mahadi, Muhammad Ahmad, suke ta cin nasara. Ya buga hirar, ya kuma nace cewa Gordon ne ya kamata a tura. Sauran jaridu suka kama. Cikin kwana 10 Gordon ya kama hanya. Mayaƙan Mahadi suka yi wa birnin Hartum ƙawanya, kuma ranar 26 ga Janairu, 1885, birnin ya faɗi aka kashe Gordon, kwana 2 kafin agaji ya iso. Nan muka fara ganin cewa edita yana iya tura gwamnati ta yi abu cikin gaggawa, amma ba shi ne zai ɗauki nauyin abin da ya biyo baya ba.

Cinikin 'yan mata a babban birni

Yanzu mun zo kan abin da aka fi tunawa da shi. A Ingila ta wancan zamani, idan yarinya ta cika shekara 13, doka tana ɗaukarta ta isa ta ba da yardarta ga namiji. Saboda haka duk wanda ya lalata yarinya 'yar shekara 13 ko 14, da wuya doka ta kama shi. Kawalai da masu gidajen karuwai suka sami kasuwa. Sukan yaudari 'ya'yan talakawa da alkawarin aikin gida, su kai su inda ba za su iya fita ba, wasu har a ƙetare da su zuwa Beljiyam.

Mutanen kirki sun daɗe suna kuka a kan haka. Cikinsu akwai Josephine Butler, matar wani limamin ikkilisiyar Ingila, da kuma ƙungiyar Salvation Army, wato Rundunar Ceto, wadda William Booth da matarsa Catherine suka kafa. An shirya ƙudurin doka don a ƙara shekarun. Majalisar Dattawa ta amince da shi fiye da sau ɗaya, amma duk lokacin da ya zo Majalisar Wakilai sai a yi ta jan ƙafa har lokaci ya ƙure. A watan Mayu 1885 haka ta sake faruwa. Sai wani dattijo mai suna Benjamin Scott, ma'ajin birnin Landan, ya je wurin Stead ya roƙe shi ya sa baki.

Stead ya kafa ƙaramin ayarin bincike na asiri. Makonni ya yi yana shiga unguwannin dare da kansa, yana magana da kawalai da 'yan sanda da matan da abin ya shafa. Abin da ya gani ya girgiza shi ƙwarai. Amma ya san cewa manyan mutane za su ce jita-jita ce. Sai ya ƙudura zai tabbatar da cewa ana iya sayen yarinya a tsakiyar Landan kamar yadda ake sayen akuya a kasuwa, kuma hanyar da ya zaɓa ita ce ya saya da kansa.

Eliza Armstrong

Ya nemi taimakon Rebecca Jarrett, wata mace da ta taɓa riƙe gidan karuwai amma ta tuba ta shiga hannun Rundunar Ceto. Ba da son ranta ta koma cikin tsofaffin ƙawayenta ba, matsa mata aka yi. Ta hannun wata tsohuwar ƙawarta ta samo yarinya 'yar shekara 13 mai suna Eliza Armstrong, 'yar wani mai share bututun hayaƙi a wata unguwar matalauta. Ranar 3 ga Yuni, 1885, aka ɗauke ta daga gidansu. Kuɗin cinikin fam 5 ne.

Domin a nuna cewa an bi duk matakan da masu wannan sana'a suke bi, aka kai Eliza wurin wata ungozoma ta duba jikinta. Daga nan aka kai ta wani gidan karuwai, aka kwantar da ita, aka shaƙa mata maganin sa barci. Stead ya shiga ɗakin a matsayin mai saye. Yarinyar ta farka ta ga baƙon namiji, ta yi ihu, shi kuwa ya fita nan da nan. Ba a taɓa mutuncinta ba, wani likita kuma ya tabbatar da haka. Washegari aka ƙetare da ita zuwa Faransa, aka danƙa ta a hannun mutanen Rundunar Ceto. Ba wanda ya gaya mata abin da ake ciki, ba wanda ya nemi yardarta.

Ranar 4 ga Yuli jaridar ta gargaɗi masu karatu cewa abin da ke tafe ba na masu raunin zuciya ba ne. Daga ranar 6 zuwa 10 ga Yuli aka buga rahoton kashi 4, da sunan The Maiden Tribute of Modern Babylon, wato an kwatanta Landan da Babila wadda ake biyanta haraji da 'yan mata. A ciki aka ba da labarin Eliza da sunan Lily. Landan ta ɗauka. Kamfanin W. H. Smith, mai rumfunan sayar da jaridu a tashoshin jirgin ƙasa, ya ƙi sayar da ita, yana cewa batsa ce. Jama'a kuwa suka yi dafifi a ƙofar ofishin jaridar suna neman kofe, har farashin tsohon kofe ya ninka sau da yawa. Wasu 'yan majalisa suka nemi a gurfanar da Stead. Wani kwamiti na manyan mutane, wanda ya haɗa da Babban Bishop na Canterbury da Kadinal Manning, ya duba shaidun ya ce ainihin abin da aka faɗa a kan wannan ciniki gaskiya ne.

Rundunar Ceto ta tattara takardar koke mai sa hannun mutane 393,000 ta kai Majalisa. Wannan karon ba a ja ƙafa ba. Ranar 14 ga Agusta, 1885, dokar ta tabbata. Aka ɗaga shekarun daga 13 zuwa 16, aka kuma tsananta hukunci a kan kawalai da masu gidajen karuwai. Abin da aka yi shekaru ana roƙo ya samu cikin mako 6.

A gaban kotu

Amma akwai wata uwa a gefe guda. Maƙwabtan Armstrong sun gane cewa Lily ɗin nan Eliza ce. Rahoton ya nuna uwar a matsayin mashayiya wadda ta sayar da 'yarta da saninta, saboda haka unguwa ta juya mata baya. Ita kuwa ta ce ita dai aikin gida aka ce mata za a kai yarinyar. Ta je wurin 'yan sanda tana neman 'yarta, wata jaridar hamayya ta kama maganar, har aka dawo da Eliza daga Faransa. Sai a lokacin jama'a suka san cewa mutumin da ya sayi Lily shi ne editan da ya rubuta labarin, gama bai faɗi haka a cikin rahoton ba.

Aka gurfanar da Stead da Jarrett da Bramwell Booth, ɗan William Booth, da wasu, a babbar kotun Old Bailey. Shaidar Jarrett ta yi rauni, domin tana ƙoƙarin rufa asirin tsofaffin ƙawayenta, ta kasa tabbatar da cewa uwar ta san manufar cinikin. Uban yarinyar kuma ba a nemi izininsa ba. A kan haka aka sami Stead da laifin ɗauke yarinya daga hannun iyayenta, da kuma laifin duba jikinta da aka yi. Ranar 10 ga Nuwamba, 1885, aka yanke masa ɗaurin wata 3. Jarrett ta sami wata 6, ungozomar ma wata 6, kuma a kurkuku ta mutu. An sallami Bramwell Booth.

Kwana 3 Stead ya yi a kurkukun Coldbath Fields cikin kayan fursuna. Daga nan aka mayar da shi Holloway, aka ba shi ɗaki mai kyau, yana karɓar baƙi, yana kuma shirya jaridarsa daga can. Aka sake shi a watan Janairu 1886. Har ƙarshen ransa, kowace ranar 10 ga Nuwamba yakan sa kayan fursunan nan ya tafi ofis da su, don yana alfahari da ɗaurin. Mu lura da bambancin: mai ilimi da suna ya fito da ƙarin daraja, matan nan biyu matalauta kuwa su suka sha wuyar gaske. Ita Eliza an sa ta a wani gidan horar da 'yan mata, daga baya ta yi aure ta haifi 'ya'ya.

Editan mujalla

A kurkuku Stead ya yi tunani a kan ikon jarida, ya fitar da wata maƙala a 1886 inda ya nuna cewa edita yana iya zama kamar mai mulki, tun da yana magana da jama'a kullum, ɗan majalisa kuwa sai lokacin zaɓe. Amma masu jaridar Pall Mall Gazette sun gaji da rigingimunsa. Ya bar ta, kuma a watan Janairu 1890 ya fito da mujallar wata-wata mai suna Review of Reviews, da farko tare da George Newnes, kafin su rabu bayan 'yan watanni.

Dabarar mujallar mai sauƙi ce. Mujallu sun yi yawa, suna da tsada, mai aiki kuma ba shi da lokacin karanta su duka. Sai Stead ya riƙa tattara muhimman maƙalu daga mujallun Ingila da na ƙetare, ya taƙaita su, ya haɗa da sharhinsa a kan al'amuran duniya na watan, da tarihin wani sanannen mutum, da zane-zanen barkwanci daga jaridun ƙasashe dabam-dabam. Mujallar ta karɓu, har aka buɗe ta Amurka a 1891 da ta Ostareliya a 1892. Ita ya riƙe har mutuwarsa.

Bai tsaya nan ba. Ya taimaki William Booth wajen rubuta littafinsa na 1890 a kan talaucin Ingila da hanyar fita daga cikinsa. A 1893 ya tafi birnin Chicago na Amurka, ya yi watanni yana bincike, ya fitar da littafi a 1894 mai suna If Christ Came to Chicago, wanda yake tambayar abin da Almasihu zai tarar in ya ziyarci birnin. A ciki ya sa taswirar gidajen giya da na karuwai, ya kuma bayyana sunayen masu gine-ginen. Ya buga littattafan waƙoƙi da na yara ana sayar da kowane kwabo ɗaya, domin ɗan talaka ma ya mallaki littafi. Ya goyi bayan ba mata 'yancin zaɓe da biyan fansho ga tsofaffi. A 1904 ya gwada kafa jaridar kullum ta kansa, amma ta mutu cikin 'yan makonni, ta bar shi da babbar hasara.

Neman salama

A shekarunsa na baya ya mai da hankali ga hana yaƙi. Ya gana da Sarkin Rasha Nicholas na 2, ya tallata taron zaman lafiya na duniya da aka yi a birnin Hague na ƙasar Holan a 1899, ya kuma halarci na biyu a 1907, yana buga rahoton abin da ake tattaunawa. An sha ba da sunansa don lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya.

Gwajin gaskiyarsa ya zo da yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902, tsakanin Birtaniya da Turawan Boer. Yawancin mutanen Ingila suna goyon bayan yaƙin. Stead ya ce zalunci ne, ya yi ta rubutu a kansa. Aka kira shi maci amanar ƙasa, masu sayen mujallarsa suka ragu. Cecil Rhodes, attajirin da yake amininsa, wanda a dā ya sa shi cikin masu kula da wasiyyarsa, ya cire sunansa. Stead bai janye ba. Gaskiya ɗaci gare ta, kuma a nan shi kansa ne ya biya kuɗinta.

Ɗan Adam tara yake

Ba za mu ɓoye rauninsa ba. Yana da saurin yanke hukunci, yana kuma ganin kansa kamar wanda ba ya kuskure. Ya bi wasu 'yan siyasa da tonon asirin rayuwarsu ta gida, kamar Sir Charles Dilke, har ya taimaka wajen rushe makomarsu. Daga wajen 1892 kuma ya faɗa cikin harkar neman magana da matattu. Ya ce ruhun wata 'yar jaridar Amurka da ta mutu, Julia Ames, yana motsa hannunsa ya yi rubutu. Ya fitar da mujalla a kan irin waɗannan abubuwa mai suna Borderland daga 1893 zuwa 1897, kuma bayan mutuwar babban ɗansa a 1907 ya ƙara dulmuya, har ya buɗe ofishi don wannan harka a 1909. Abin ya saɓa wa koyarwar da aka rene shi a cikinta, ya kuma sa mutane da yawa suka daina ɗaukar maganarsa da nauyi.

Tafiyar ƙarshe

Ranar 10 ga Afrilu, 1912, Stead ya shiga Titanic a Southampton, zai je New York ya yi jawabi a wani babban taro a zauren Carnegie. Daren 14 ga wata jirgin ya yi karo da dutsen ƙanƙara, kafin asuba ta ranar 15 ya nitse. Mutanen da ke ciki sun kai wajen 2,200, kwale-kwalen ceto kuwa 20 ne, waɗanda ba za su ɗauki fiye da mutum 1,178 ba. Tun a 1886 Stead ya taɓa rubuta wani ƙagaggen labari a kan jirgin da ya nitse a tekun Atlantika, mutane suka hallaka saboda ƙarancin kwale-kwalen ceto, ya kuma yi gargaɗi cewa haka na iya faruwa. Wasu daga cikin waɗanda suka tsira sun ba da labarin cewa sun gan shi yana taimakon mata da yara su shiga kwale-kwale. Ba a ga gawarsa ba. Ya mutu yana da shekara 62. An kafa masa allunan tunawa a bakin kogin Thames a Landan da kuma a New York.

Abin da za mu ɗauka

Ɗalibai, Stead bai yi doguwar makaranta ba, amma ya karanta, ya yi ta rubutu kyauta har aka san shi. Ya ga abin kunya da manya suka kawar da kai daga gare shi, ya ƙi yin shiru, kuma dubban yara mata da ba su taɓa jin sunansa ba sun sami kariyar doka ta dalilinsa. Wannan abin koyi ne.

Amma kada mu manta da Eliza. Yarinya ce mai iyaye, mai tsoro kamar kowace yarinya, aka mai da ita abin kafa hujja. Uwarta kuma aka ɓata mata suna a gaban duniya da maganar da ba a iya tabbatarwa a kotu ba. Garin gyaran gira ba a so a rasa ido. Duk wanda zai riƙe alƙalami a cikinku, ko a jaridar makaranta ko a babbar jarida nan gaba, ya tambayi kansa abu biyu kafin ya buga labari: shin abin da na rubuta gaskiya ne har in iya tsayawa a kansa a gaban alƙali? Wane ne kuma zai sha wahala saboda hanyar da na bi na samo shi? Stead ya amsa kiran masu rauni da ƙarfin zuciya, amma tambaya ta biyu bai tsaya ya yi ta ba a ranar 3 ga Yuni, 1885. Mu yi koyi da ƙarfin zuciyarsa, mu kuma riƙa yin tambayar da ya tsallake.